Mutumin Da Ke Jefa Wa Fina-finai Ɗan Lido

Oddvar Teigland ya shekara talatin da ɗaya a can ƙasan jirgin fito yana kiwon inji, mutane na wucewa ta samansa da motocinsu ba su ma san da shi ba. Wasu sun ce abin da ya ɓata masa hali ke nan. Wasu kuma sun ce a'a, da abinsa aka haife shi, don uwarsa ma in ta zo cin abinci gidanka sai ta faɗa maka abin da miyar ta rasa kafin ta ajiye cokali. Ko ma mene ne, ranar da ya yi ritaya ya hawo tudu bai fito da komai ba sai kunne ɗaya mai nauyi, da ɗan fansho, da ra'ayi a kan duk fim ɗin da aka taɓa haskawa a garin Teistvik.

Tun yana aiki ya fara yi wa jaridar garin sharhin fim, kuma ba wanda ya roƙe shi. Wasiƙa ya aika ta zagin wani fim ɗin yaƙin teku, wai an nuna mai inji yana murɗa famfo ta hannun da ba a murɗa shi. Editan wancan zamanin ya yi dariya ya buga. Mako na zagayowa sai ga wata. Kafin a ankara ya mallaki gurbi a shafi na goma sha ɗaya duk ranar Juma'a, da ɗan hotonsa fuska a murtuke, da ɗan lido a gefe. Haka muke a Norway, komai sai an jefa masa ɗan lido, fim ne, littafi ne, gidan abinci ne: ɗigo ɗaya shara, ɗigo shida kuwa abin da za ka ɗauko uwarka daga gadon asibiti ta je ta gani. Oddvar biyu ce abincinsa. Uku in ya tashi da ƙafar dama. Ranar da ya ba da huɗu, mutane tsayar da juna suke yi a kanti suna tambaya ko lafiyarsa ƙalau.

A ba shi haƙƙinsa, ba ya zaɓe. Fim ɗin zanen yara na ranar Asabar, za ka gan shi a tsakiyar 'yan shekara biyar da kwat ɗinsa har wuya, yana hararar duk wanda ya motsa leda. Na Indiya mai awa uku da rabi, na Japan da ba a magana sai bayan minti ashirin, na fatalwa, na harbe-harbe, har wani da aka yi kacokan a kan kiwon zuma, duk ya zauna ya cinye su. Kuma yana da doka guda da yake tinƙaho da ita: ba ya jefa wa fim ɗan lido sai ya gan shi daga farko har sunan mutum na ƙarshe ya haye allo an kunna fitila. Mai shara kan tsaya da tsintsiya tana jiransa ya gama karanta sunan direban motar da ya kai wa 'yan fim abinci. Matarsa Gunvor ta raka shi shekara biyu a farkon aurensu, sannan ta daina, ta ce kallon fim kusa da shi kamar cin alewa ne a gaban likitan haƙori. Da ta rasu, shekara takwas ke nan, bai rage ko fim ɗaya ba. Ƙarawa ma ya yi.

Sinimar ta ƙaramar hukuma ce, kujera ɗari da arba'in, kuma shekara goma sha tara tana hannun Reidun Skaar, 'yar gidan Sverre mai gasa burodi. Mace ce gajera mai saurin tafiya, wadda ba ta manta abin da aka yi mata ko da na zamanin firamare ne. Ita ke zaɓo fina-finan, ita ke roƙon a turo su har wannan lungu, ita ke manna hotunansu a bango cikin ruwan sama. Sai Juma'a ta yi, tsoho ya jefa biyu, daren Asabar ta leƙa ɗaki ta ga mutum tara, uku daga ciki ma ɗumi suka shigo ji. A makonta na farko ya rubuta cewa kujerunta warin jiƙaƙƙen kare suke yi. Daga baya ya ce guggurun da take sayarwa zai yi amfani wajen toshe ɓular kwalekwale. Ba sa gaisawa. Amma al'ada ta ɗaure su tare: duk Talata da ƙarfe goma na safe sai ta buɗe masa ɗakin shi kaɗai, ta haska masa fim ɗin makon kyauta, don sharhi ya riga jama'a fitowa. Takan ajiye masa takardar bayanin fim ɗin a kan kantar sayar da tikiti ba tare da ta dube shi ba, shi kuma ya ɗauka ba tare da ya ce na gode ba.

To, ga abin da Oddvar ke ɓoyewa. Yanar ido ce ta rufe masa idanu, duka biyun, na hagun ya fi. A hankali ta zo, kamar tururin tukunya a jikin taga. Hanya ba ta dame shi ba, ƙafafunsa sun haddace garin. Rubutu ma yana yinsa, ya ƙara girman baƙaƙen kwamfutarsa har kowane ya kai girman ƙwai. Fuskokin 'yan fim kuwa a allo manya ne, yana ganinsu. Abin da ya ɓace masa shi ne layukan nan biyu farare na ƙasan allo. Mu ba ma ɗora wa fim muryar wani, mun raina ƙasashen da ke yin haka, bakin mutum na motsi daban magana na fita daban. Da harshensa muke barinsa, mu karanta fassara a ƙasa. Oddvar ya fi kowa raina masu ɗora murya, ya sha rubuta hakan. Kuma ban da yarenmu da na Sweden ba ya jin komai. Na Denmark yakan ce su kansu ba sa jin juna. Ingilishinsa na ɗakin inji ne, zagi huɗu da sunayen sifana.

Likita ta ce aiki za a yi, ba wani abu ba ne. Ya ce zai yi shawara. Shawarar ta kai shekara biyu, saboda tun yana yaro ya ga an kai kakansa birni gyaran ido an dawo da shi ana jansa da hannu. Amma ba wuƙar kaɗai yake tsoro ba. Jaridar ta sami sabon edita, Audun Lothe, ɗan birni mai zuwa ofis a keke, wanda sau biyu yana zaunar da Oddvar ya ba shi gahawa ya yi masa zancen "sabon jini". Audun bai iya taɓa shafin ba saboda tsofaffin garin da ke sayen jarida don su ga wa aka zaga. Dalili kawai yake jira. Oddvar ya san in ya tafi asibiti wata guda, ko maganar idon ta fita, shafi na goma sha ɗaya ya tafi ke nan. Kuma in aka cire shafin nan daga rayuwarsa, abin da zai rage tsoho ne da tukunyar gahawa da hoton Gunvor.

Sai ya koyi dabara. Ya sayi gilashin ƙara girman rubutu ya ajiye a aljihu, ya riƙa bin takardar bayanin Reidun da shi a gida har ya haddace labarin. A ɗakin kallo ya bi fuska da kiɗa da sautin murya. In ya zo rubutu, ya yi ta dukan haske da kiɗa da tsawon fim, sannan ya rufe da zagin fassara, don mai zagin fassara ai dole ya karanta ta.

Reidun ce ta fara shinshino abin, da ma maƙiyi ya fi masoyi kallonka. Ta ga mutumin da ya shekara da shekaru a layi na tara ya koma na shida, daga nan na uku, wai lasifikar baya ce ke ƙara. Wata Talata ta ga ya ɗaga wa kwalin hoton wani jarumi hula a bakin ƙofa, ya zaci mai gyaran wuta ne. Ba ta yi dariya ba. Gida ta je ta zazzage tsofaffin jaridu, don tana ajiye kowace Juma'a kamar yadda wasu ke ajiye takardun shari'a, ta zauna tana karantawa da wainar fulawa da jan cuku a gefe. Ta ga duk fim ɗin waje, labarin da ya ba da bai taɓa wuce abin da ke cikin takardarta ba ko da taku ɗaya.

Wata mai tausayi da ta ja shi gefe ta ce, Oddvar, je a duba maka ido. Reidun jira ta yi har wata uku, sai da fim ɗin da take so ya zo.

Na ƙasar Hangare ne, baƙi da fari, awa biyu, kusan duka a ɗakin girki ɗaya. Namiji da mace zaune a tebur suna magana. Kuma teburin an shimfiɗa masa farin ƙyalle wanda ya cika ƙasan allon daga wannan gefe zuwa wancan, daidai inda fassara ke zama. Mai lafiyayyen ido ma sai ya ƙanƙance shi. Mai yana kuwa, fari ne kawai a kan fari, da rubutu da babu duk ɗaya.

Da ya zo ranar Talata ya miƙa hannu kan kantar, bai taɓa komai ba. Ta ce masa takardar ba ta iso ba, gidan waya ne, ya san halinsu. Ya ce a zamaninsa masu sinima sun san abin da suke haskawa ba sai an aiko musu a rubuce ba. Ta ce to ai shi gwani ne, me zai yi da takarda. Ta hau sama ta kashe fassarar da yatsa ɗaya, ta saki fim.

Ya zauna a layi na uku. Babu takarda, babu labari. Ya zuba wa fuskokin ido iya ƙarfinsa. Mutumin yana da gemu, matar tana yawan miƙewa ta buɗe wata ƙofa ta leƙa ta dawo. Suna ɗaga murya, su yi shiru, ta jefe shi da cokali, ya kifa kai a tebur kafaɗunsa na rawa. Oddvar ya ce a ransa, ai wannan na san shi, aure ne ke mutuwa, mutanen can ba su da wani fim sai wannan. Hankalinsa ya kwanta. Ya zauna har fitila ta kama, ya fita bai kalli Reidun ba.

Ranar Juma'a shafin ya fito da ɗigo biyu. Ya ce awa biyu na mata da miji suna yanka juna da baki a kan abin da ba ya ƙarewa, mijin har da kuka a kan tebur kamar ɗan yaye. Ya ce wanda ke son irin wannan ya je gidan maƙwabcinsa ranar Lahadi, kyauta ne. Sannan ya rufe: fassarar ma da ke ƙasa, wanda ya yi ta da alama da ƙamus a hannu ɗaya ya yi ta, barci a ɗaya.

Ranar Litinin ƙarfe tara Reidun na ofishin Audun da jaridar a naɗe. Ƙarfe goma ta kai shi ɗakin majigi ta nuna masa a jikin na'ura yadda aka haska fim ɗin ranar Talata. Ƙarfe ɗaya aka kira Oddvar.

Ya shigo ya tarar da ita zaune kusa da taga, jaka a cinya. Ya tambayi Audun ko yanzu jarida ta fara ɗaukar masu sayar da gugguru aiki. Audun ya yi ta kame-kame, ya zuba gahawa, ya ce wata 'yar magana ce, ba wani abu ba, ana so a fahimci juna. Reidun ta gaji da jiransa.

"Fassarar nan da ka zaga, Oddvar. Wane layi ne ya fi ɓata maka rai?"

Ya ce duka, ba zai zauna yana tsince tsakuwa a cikin yashi ba.

"Ɗaya kawai. Kalma ɗaya ma ta isa."

"Ni ba ɗalibinki ba ne, 'yar Sverre. Je ki yi wa mai shararki jarrabawa."

"Babu fassara a fim ɗin," in ji ta. Ba ta ɗaga murya ba, kamar mai faɗin farashin kifi. "Ni na kashe ta. Awa biyu ka zauna kana kallon ƙyallen tebur. Kuma ba matarsa ba ce, ƙanwarsa ce. Gawar ubansu ce a ɗakin da take leƙawa, suna gardamar wa zai faɗa wa uwarsu cewa tsohon yana da wani gida a wani gari. Ba kuka yake a tebur ba, dariya yake. Fim ɗin barkwanci ne, Oddvar. Jiya mutum goma sha ɗaya suka zo, har da wanda ya shaƙe don dariya."

Oddvar ya ce fuska ba ta buƙatar tafinta, abin da ya gani ya gani, fim ɗin da sai an karanta shi kafin a san na dariya ne ai littafi ne. Ba laifi maganar, da wani ne ya faɗe ta a wata rana. Reidun ta zare jaridar daga jaka ta shimfiɗa masa a gabansa, ta ɗora yatsa a kan shafin farko, ta ce ya karanta musu labarin da ke ƙarƙashin hoton, da ƙarfi, su ƙaru. Audun ya ce haba Reidun, ya isa haka, amma bai janye jaridar ba.

Oddvar ya ɗauke ta. Gilashin na cikin aljihunsa na dama, yana jin nauyinsa a cinya. In ya fito da shi ya faɗi, in bai fito da shi ba ya faɗi. Ya riƙe takardar ya daɗe, sannan ya ninke ta gida biyu ya ajiye, ya daidaita ta da bakin tebur.

Audun ya tambaye shi a hankali tun yaushe.

"Shekara biyu da wata huɗu. Fim sittin da uku."

Ashe yana ƙirga su. Reidun kanta ba ta zaci sun kai haka ba, a lissafinta arba'in ne da 'yan kai. Ta ce sittin da uku, kowanne ita ta ɗauko shi, ita ta manna hotonsa, makaho ya zo ya kore mata mutane. Ya juyo wajen da muryarta take ya ce da idonsa garau ma da biyun zai ba yawancinsu, don ita ba ta taɓa sanin bambancin fim da bangon da ake haska shi ba. Ta ce to yanzu sun zama su biyu.

Audun ya yi jawabinsa na ɗan birni, amanar masu karatu, da girmama shekarun da aka yi, da cewa ƙofa ba a rufe take ba. Oddvar ya katse shi ya nemi abu ɗaya, Juma'a mai zuwa tasa ce. Audun ya yarda, da sharaɗin zai karanta kafin a buga.

Babu ɗan lido a shafin nan na ƙarshe. Sunaye ne sittin da uku a jere, da kwanan watan kowanne, a ƙasa ya ce waɗannan ya yanke musu hukunci bai ji abin da suke faɗa ba, saboda haka ya janye, a ɗauka bai ce komai ba. Bai nemi gafarar kowa ba, balle ta Reidun. Ya dai ƙara layi ɗaya cewa fankar injin haskawa na gurnani tun Ista, ƙarfen cikinta ne ya cinye, in ba a canja ba za ta tsaya kafin Kirsimeti. A watan Nuwamba ta tsaya, tsakiyar fim ɗin yara.

Da yake ba sauran abin da zai rasa, sai ya hau jirgin fiton nan nasa na dā ya tafi birni aka yi aikin. Minti ashirin kowane ido. Ya dawo yana fushi da likitar, wai me ya sa ba ta faɗa masa tun farko cewa abin wasan yara ne ba, alhali ta faɗa masa sau huɗu. Yana iya karanta lambar mota daga tsallaken titi sai ya sa kwat ya nufi ofishin jarida, ya tsaya a gaban Audun ya karanta masa ƙananan rubutun jikin kwalbar ruwan da ke teburinsa tun daga sama har ƙasa. Audun ya taya shi murna ƙwarai. Ya ce sai dai shafin an riga an ba wata malamar sakandare, kuma mutane sun fara sabawa da ita. Ƙofar da ba a rufe ba ke nan. Malamar kirki ce, ba ta taɓa ganin fim ɗin da bai kai biyar ba, yanzu ba mai buɗe shafi na goma sha ɗaya sai in zai naɗe kan kifi.

Oddvar bai sake taka ƙofar sinimar ba. In sun haɗu da Reidun a kanti, kowa sai ya ga wani abu mai muhimmanci a jikin gwangwanin wake. Laburare ya koma, ya miƙa wa ma'aikaciyar jerin nan nasa, ta riƙa nemo masa faifan ɗaya bayan ɗaya, wasu sai an aiko daga wani gari. Yana kallonsu bayan abincin rana, labule a ja, har sunan ƙarshe ya wuce, sannan ya zana ɗan lido a littafin da ba mai ganinsa. Ya kai na arba'in da ɗaya. Matar da ke haya a ƙasan bene ta ce yawanci tsaki take ji ta rufi. Ta tambaye shi wata rana a matakala ko akwai wanda ya canja wa maki. Ya ce akwai bakwai, kuma ba zai faɗi ko wanne ba, don garin nan magana ba ta kwana, kafin yamma ta isa kunnen 'yar Sverre.